Awon Gonaki da Na'ura: Wa Zai Biya, Wa Kuma Zai Nuna Iyaka?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya koma gonarsa a ƙasar Faskari ko Sabuwa ko yammacin Ƙanƙara bayan shekara uku ko huɗu bai taka ta ba, ya san abin da za mu faɗa. Gambar da ke kan iyaka wuta ta cinye ta. Ɗorawar da ake nunawa a ce daga nan zuwa can namu ne, masu gawayi sun sare ta, ko kututture babu. Kunyoyi sun baje, sabara ta rufe ko'ina. Tsohon da ake kira in gardama ta tashi kuwa ya rasu a wurin gudun hijira, an binne shi can Funtuwa. Ga maƙwabta biyu tsaye, kowa da fartanyarsa, ba mai niyyar cutar wani, amma ba wanda zai iya cewa ga daidai inda gonarsa ta tsaya.

A da iyakar gona tana wuri biyu: tana ƙasa, tana kuma cikin kan dattawa. Shekarun tashin hankalin nan sun taɓa duka biyun. Duniya ta ji labarin harin Kadisau a watan Yuni na 2020, ta ji na ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka kwashe ran 11 ga Disamba na shekarar, har aka sako 344. Abin da ba ya shiga rediyo shi ne gonakin da suka zama saura, da rigimar da ke jiran masu su ran da suka dawo.

Saboda haka muke goyon bayan a auna gonakin ƙauyukanmu da na'ura, a shigar da su kwamfuta, kowace da lambarta da sunan mai ita. Muna kuma cewa hukuma ce ya kamata ta biya kuɗin awon farko, ba manomi ba. Amma muna da sharuɗɗa, kuma in ba a cika su ba gara a bar gonakin yadda suke.

Bari mu fara bayyana yadda aikin yake, gama da yawa cikinmu sun ji sunansa kawai. Ana ɗaukar hoton ƙasa daga sama, ko da tauraron ɗan Adam, ko da jirgin sama, ko da ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi. A buga hoton a babbar takarda, a kawo ƙauye. A cikinsa mutum zai ga rafi, ya ga hanya, ya ga kukar bakin gari, sau da yawa har ya gane gonarsa. Sai mai gona da maƙwabtansa da mai unguwa su zaga iyaka tare da ma'aikaci. Inda suka yarda, a ja layi a kan hoton, ko a tsaya da na'urar GPS ta rubuta lambobin wurin. Lambobin nan ba sa ƙonewa, gara ba ta cin su, ba a sare su a yi gawayi. Ko bayan shekara talatin aka zo da na'ura za ta kai mutum wurin. Daga nan a manna taswira da jerin sunaye a bainar jama'a, mai ƙorafi ya yi, sa'an nan a shigar a rajista.

Ku lura, cikin dukan wannan na'ura ba ta san iyakar kowa ba. Abin da aka nuna mata shi take rubutawa. In maƙaryaci ya riga ka zuwa, ƙaryarsa za ta rubuta, ta kuma adana ta da kyau. Na'urorin ma ba ɗaya ba ne. GPS na wayar hannu yana iya kuskuren mita uku ko fiye. A gona mai hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi, wadda kowane gefenta mita 100 ne, kuskuren mita uku a gefe guda ya kai kunya huɗu daga wannan kai zuwa wancan. An sha zuwa gaban alƙali a kan abin da bai kai haka ba.

Ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Abuja ce ta fara da hukumarta mai suna AGIS, Kaduna ta kafa KADGIS a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, Kano tana da KANGIS. Jiharmu ma ta kafa tata, KATGIS, a zamanin Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa wanda ya hau mulki a 2023. Mun yi murna da wannan. Amma irin waɗannan hukumomi a ko'ina da birni suke farawa, domin can ne filaye ke da tsada, can ne kuɗin shiga yake. Ba laifi ba ne, haka lissafi ya nuna. Sai dai in aka bar wa lissafin kuɗin shiga kaɗai ya zaɓi inda za a je, gonar mutumin Damari ko Yankara ko Ɓurdugau za ta daɗe tana jira.

To, wa doka ta ɗora wa nauyin gonakin ƙauye? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana. Amma ƙasar da ba ta cikin birni, Ƙaramar Hukuma ce ke ba da takardar izinin zama ta gargajiya a kanta. Sashe na 6 ya ba ta ikon ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba sai ta nemi yardar Gwamna ba. Ku tsaya ku auna wannan. Hekta 500 ta fi eka 1,200, gonakin ƙauye guda ke nan. Ofishin da ke da ikon sa hannu a kan wannan, in ba shi da taswirar da ke nuna gonar wane da wane ke wurin, yana iya kyautar da gonakin mutane da sunan daji ne, ko da gangan ko da rashin sani. Ƙasar da ta yi shekara biyar ba a noma ba kuwa, daga sama daji take kama da shi.

Akwai kuma sashe na 36, wanda bai kamata wani shugaban ƙungiyar gama kai ya rasa saninsa ba. Ya ce wanda ke noma gonarsa tun kafin dokar, yana nan da haƙƙinsa kamar an ba shi takarda. In kuma ya kai wa Ƙaramar Hukuma zanen gonar ko cikakken bayaninta, ta tabbata tasa ce, to, sai ta yi masa rajista. Watau fiye da shekara arba'in ke nan ƙofar tana buɗe. Nawa ne cikinmu suka shiga? Kwamitin gyaran harkar ƙasa da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya yi ta faɗin cewa ƙasar da ke da rajista a Nijeriya duka ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Dalili a fili yake. An bar kowane manomi ya ɗauko safiyo da kansa, ya biya masa mota da abinci da lada, ya yi ta zarya ofis. Mai eka uku ba zai iya ba. Mai kuɗi ne zai iya, kuma ran da aka je shari'a, shi ke da takarda.

Nan ne maganar wa zai biya ta zama maganar adalci, ba ta sauƙi kawai ba. Awon da ake yi wa mai biya kaɗai makami ne a hannun mai ƙarfi. Awon da aka yi wa ƙauye duka a lokaci guda, mai eka ɗaya da mai eka ɗari, shi ne ke kare kowa, gama iyakarka ita ce iyakar maƙwabcinka, ba a ja ta sai kuna tsaye ku biyu. Shi ne kuma ya fi araha nesa ba kusa ba: hoto ɗaya, mota ɗaya, ma'aikata ɗaya, gonaki ɗaruruwa. Ƙasar Ruwanda, wadda ita ma ta fito daga zubar da jini da gudun hijira, ta yi haka tsakanin 2009 da 2013. Ta koya wa samarin ƙauyuka aikin, suka bi gona gona da hoton sama a hannu, aka auna filaye fiye da miliyan 10, kowane bai kai dalar Amurka goma ba. Yawancin kuɗin daga ƙasashen waje ya zo, musamman Ingila. Habasha ma ta fara tun 1998 a lardin Tigray, da igiya da tef kawai, shaidu kuwa maƙwabta. Kwamitin 'Yar'aduwa ya gwada irin wannan a jihohin Kano da Ondo, amma gwajin bai bazu ya kai ƙauyuka irin namu ba.

Ina kuɗin zai fito a nan? A ganinmu aikin kashi biyu ne. Hoton sama, da manyan na'urori, da ma'ajiyar kwamfuta, wannan na jiha ne, ba ma'ana kowace cikin ƙananan hukumomi 34 ta sayi nata. Amma zagayen iyaka, da alawus na samarin da za a koya wa aikin, da zaman sauraron ƙorafi, da ɗakin rajista a sakatariya, wannan na Ƙaramar Hukuma ne, tun da ita doka ta ba ikon gonakin. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Mun san yanke hukunci daban, kuɗi su iso daban. Duk da haka hukuncin ya ba mu bakin tambayar ciyaman da kansiloli: cikin kasafin bana, nawa aka ware wa rajistar gonaki? Akwai kuma rancen Bankin Duniya da jihohi ke samu, irin shirin SABER da aka amince da shi a 2022, wanda gyaran harkar filaye na cikin abin da yake saka wa jiha a kai. Rance ne, 'ya'yanmu za su biya, don haka muna da haƙƙin cewa wani abu ya iso ƙauye.

Tsoronmu a nan ɗaya ne, kuma mun gan shi a ayyuka da yawa. Kuɗi yakan ƙare a sayen kaya, domin kaya ake nunawa ran bikin buɗewa. A sayi kwamfutoci da motoci, a yanka zare, sa'an nan a ce babu kuɗin mai na zuwa Maigora. Dattawanmu sun tuna Aikin Gona na Funtuwa da aka fara da kuɗin Bankin Duniya wajen 1975, wanda ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara. Ya kawo hanyoyi da taki da sabon irin masara, ba mai musun haka. Amma masu bincike da suka bi sawunsa sun nuna manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa, gama su ne ke da hanyar shiga ofis. Kada awon gona ya bi wannan sawu.

Wani zai ce, ana fama da tsaro da tsadar taki, wa ke ta taswira? Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Takarda ba ta tare harsashi, ba kuma za mu ce a cire kuɗin tsaro ko na asibiti a sa a nan ba. Amma a tambayi kowane dagaci abin da ya fi kawo masa ƙara da farkon damina. A kuma tuna yadda wannan wuta ta faro: cikin abubuwan da suka hura ta har da burtalin da aka nome, da mashayar da aka killace, da dajin kiwo da aka yanka aka raba wa manya. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin jihar nan, har da Faskari. Ko mene ne ra'ayin mutum game da sulhun, in mutane za su koma gida, maganar ƙasa tana gabansu.

Wani kuma zai ce, awo ƙanen haraji ne. Shi ma yana da hujja. A zamanin Turawa malaman taki sun bi gonaki a ƙasar Kano da wasu sassan Arewa suna ƙirga taku, a kan haka aka yanka wa mutane haraji. Sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina tana ciki. Wanda ya ga ubansa ya sayar da akuya don ya biya haraji ba zai yi saurin nuna gonarsa ga mai littafi ba. In hukuma tana so a fito, ta faɗa a rubuce tun kafin a fara: abin da za a biya na takarda, da ko akwai kuɗin shekara, da nawa ne. In aka ɓoye, rabin gonaki ba za su shiga ba, taswirar rabi kuwa ba ta raba gardama.

Yanzu ga sharuɗɗanmu. Na farko shi ne ya fi damunmu. Kada a auna ƙauyen da mutanensa ba su dawo ba. Akwai gidaje da yawa da ke zaune a Funtuwa, da Malumfashi, da Katsina, da Zariya, wasu har Kano, gonakinsu kuwa suna hannun wanda ya rage, ko wanda ya shigo daga baya. Wasu sun ba da aro ne, wasu sun jinginar don su haɗa kuɗin fansar ɗan'uwa, wasu sun sayar a kan abin da bai kai rabin daraja ba saboda wuya ta yi wuya. In ma'aikaci ya zo yau ya tambayi wanda ya tarar a gona, sunan wanda ya tarar zai rubuta. Shekara biyu nan gaba mai gona ya dawo, a nuna masa kwamfuta. A da in an cuce ka kana iya kiran dattawa. To, wa za ka kira ya yi musu da kwamfuta? Saboda haka a fara da wuraren da jama'a ke zaune lafiya. Inda aka watse, a jira. In kuwa dole ne a yi, a kai jerin sunayen har garuruwan da suke gudun hijira, a karanta a coci da masallaci da kasuwa da rediyo, a ba da watanni, ba kwanaki ba. Gonar da aka ce mai ita ba ya nan, a rubuta haka, a bar gurbin suna.

Na biyu, takardar da za a cika ta san irin riƙon gonarmu. Ba kowane mai noma gona ne mai ita ba. Akwai gado, akwai saye, akwai kyauta, akwai aro, haya da jingina. Akwai gandu da ba a raba ba tun rasuwar uba, akwai gayaunar yaro da ta mace a cikinsa. In gurbin suna ɗaya ne tak, babban wa zai shiga, ƙannensa su zama baƙi a gonar ubansu, 'yan'uwa mata da suka yi aure a wani gari kuwa ba mai tuna su. Gwauruwa mai riƙe da gona don marayu fa? A Ruwanda ana rubuta sunan miji da mata tare, a wasu lardunan Habasha har hotonsu biyu ake mannawa. Ba mu ce a kwafo nasu yadda yake ba, kowane gida da yadda yake rabon gadonsa, amma takarda ta ba da wurin rubuta duk mai haƙƙi. Wani abu kuma: doka ta ce ba a sayar ko jinginar da irin wannan gona sai da yardar Ƙaramar Hukuma, mu kuwa shekara da shekaru a gaban mai unguwa da shaidu muke cinikinmu. A sanar cewa ba za a hukunta kowa a kan cinikin baya ba, in ba haka ba mutane za su yi ta cewa gado ne.

Na uku, kafin a ja layin gonar kowa, a fara da abin da yake na kowa da kowa: burtali, mashaya, makiyaya, fadamar da ake shayar da dabbobi da rani, maƙabarta, filin makaranta, filin coci da na masallaci, da iyakar dajin Kogo, wanda a 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa cikin dazuzzukan da za a mai da gandun daji na ƙasa. Arewa tana da dokar makiyaya tun 1965, amma dokar da ba a ga iyakarta a ƙasa ba, garma ce ke fassara ta. Mu manoma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai cikinmu waɗanda suka ci burtali kunya kunya. A kira Ardo da mutanensa su zaga tare da mu. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1993 suke da dokar karkara wadda ta kafa kwamitin ƙasa har a ƙauye, manomi da makiyayi a ciki. Mai zuwa Maraɗi ya tambaya zai ji.

A ƙidaya itatuwa da rijiyoyi ma. In hukuma ta karɓi gona don aikin jama'a, abin da doka ta fi biya shi ne abin da ke kanta, watau amfanin gona da itatuwa da gini, ba ƙasar kanta ba. Mutanen Bakolori sun rasa rayuka a 1980 a kan rigimar diyya. Ɗorawa goma da kaɗanya biyar da aka rubuta yau, hujja ce gobe.

Kada kuma wani ya yaudare mu cewa da takarda ta fito banki zai buɗe mana ƙofa. A ƙasashen da aka yi wannan aiki, rancen banki bai zo wa ƙananan manoma yadda aka yi alkawari ba. Amfanin da aka fi gani shi ne raguwar rigima, da kwanciyar ran da ke sa mutum ya dasa itace, ya kai takin gida, ya tare zaizaya. Rajista kuma tana mutuwa in ba a ciyar da ita. Ana mutuwa, ana rabon gado, ana saye da sayarwa kowace shekara. A Ruwanda kuɗin canja suna ya yi wa masu ƙananan filaye tsada, da yawa suka koma ciniki a bayan fage. Don haka ɗakin rajista ya kasance a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba sai an je Katsina ba, kuɗin canja suna kuma ya zama wanda mai eka biyu zai iya biya. A bar kwafin takarda a hannun dagaci, gama wuta da intanet ba abin dogara ba ne a wurarenmu.

Mu fa, me za mu yi kafin hukuma ta motsa? Kowace ƙungiya ta sayi babban littafi mai ƙarfin bango. Da rani, in an gama kai amfani gida, a ɗauki gonakin membobi ɗaya bayan ɗaya, inda zuwa ba shi da haɗari. A gayyaci maƙwabtan gona ko ba 'yan ƙungiya ba ne, Musulmi da Kirista, tare da mai unguwa. A rubuta wanda ke gabas da yamma, kudu da arewa, yadda gonar ta zo hannu, da itatuwan da ke ciki, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Yaro mai waya ya ɗauki lambobin kusurwa da hoto, ko da ba su kai na safiyo daidai ba. A sake dasa gamba ko bini-da-zugu in ruwa ya sauka. Membobin da ke gudun hijira a buɗe musu shafinsu, a aika su faɗi nasu. Tsofaffin da suka rage kuwa a fara da su tun wannan rani, kada a ce sai baɗi.

Sa'an nan shugabannin ƙungiyoyi na kowace mazaɓa su haɗu su rubuta takarda ɗaya zuwa ga kansila da ciyaman, kwafi ga hakimi, suna roƙon a sa kuɗin rajistar gonaki cikin kasafi, a kuma fara da mazaɓa ɗaya don gwaji. Ana shirya kasafin sabuwar shekara ne tun kafin tsohuwar ta ƙare, don haka takardar ta isa sakatariya kafin a fara yankan dawa. A karɓi sa hannun wanda ya amsa, a ajiye kwafi a cikin littafin ƙungiya.